Yadda ake gwada dutsen sitirin kafin a saya, da yadda ake ɗaura shi a zoben azurfa

Sitirin dutse ne na ado mai launin rawaya, tun daga rawaya mai haske har zuwa ruwan zuma da ruwan goro mai duhu. A Yamai ana ganinsa a kan zobba da ƴan kunne da sarƙoƙi a wurin maƙeran fari na Wadata, da rumfunan masu sana'ar hannu da ke gidan tarihi na Bubu Hama, da teburan masu sayar da zobba a Babbar Kasuwa. Sai dai ba duk abin da aka miƙo maka da wannan suna ba ne iri ɗaya. Wani dutse ne da ya fito daga ƙasa da launinsa, wani dutse ne na gaskiya amma wuta ce ta ba shi launi, wani a masana'anta aka tsiro da shi, wani kuwa kwalba ce kawai aka rina aka yanka. Aikin mai saye shi ne ya san wanne ne a hannunsa, domin ya biya kuɗin abin da ya saya, ba kuɗin labarin da aka ba shi ba.

Abin da ya wajaba ka sani game da dutsen kaɗan ne. Sitirin ɗan gidan kwartis ne, wato ƙanƙarar dutsen nan da rairayi ya samo asali daga gare ta, kuma ametis mai ruwan shunayya ɗan'uwansa ne, launi kawai ya raba su. Taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, wanda aka kafa a 1812 yake tashi daga 1 zuwa 10, alhali gilashin taga yana wajen 5.5. Nauyinsa ya ninka na ruwan da ya kai girmansa sau 2.65. Haske kuma idan ya shiga cikinsa yakan rabu biyu, abin da ba ya faruwa a cikin gilashi. A kan waɗannan halaye uku aka gina kusan duk gwajin da ke tafe.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne gilashin ƙara girma mai ninki goma, wanda masu sana'a suke kira lup. Idan babu shi, kamarar wayar salula tana iya rage maka hanya in ka matso da ita ka ƙara girman hoton, amma ba ta kai lup ba. Sai ƙaramin sikeli mai batir wanda yake nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, wato mai lamba biyu bayan ɗigo. Irinsa ne masu sayen zinariya suke aiki da shi, kuma tun da haƙar zinariya ta bunƙasa bayan gano ta Jado a 2014 ba shi da wuyar samu. Idan ba ka da naka, maƙerin da ka saba da shi zai ara maka nasa a rumfarsa. Kana bukatar ƙaramin kofin roba mara nauyi, da zaren ɗinki siriri, da ruwa mai tsabta, da tocila, da farar takarda, da hantsaki, da tsohon buroshin haƙori mai taushi, da sabulu, da auduga, da ruwan da mata suke goge fentin farce da shi. Ka nemi tabarau na rana mai tace haske, irin wanda idan ka dubi fuskar kwamfuta da shi ka karkata kanka sai fuskar ta yi baƙi. Ka kuma tanadi abubuwa biyu na kwatanci: ɓallin kwalba mai kauri wanda aka goge kaifinsa, da wani dutsen kwartis da ka tabbata da shi, ko da fari ne. Mai koyo ba ya gane dutse shi kaɗai, sai ya jera shi da wanda ya sani.

1. Wanke dutsen

Ka nemi izinin mai kaya tukuna, ka ce masa, "Alhaji, ka yarda in duba shi da kyau kafin mu yi magana?" Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan. Ka wanke dutsen da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, ka tsane shi da ƙyalle mai taushi. Maiƙon hannu yana ɓoye ƙarzuwa, wasu kuma da gangan suke shafa wa dutse mai domin tsagar da ke jikinsa ta ɓace wa ido. Daga nan sai ka riƙe shi da hantsaki a bisa farar takarda, kuma ka yi aikin a kan tabarma ko tebur mai shimfiɗa, saboda dutsen da ya faɗi a kan siminti yakan ɓantare a gefe.

2. Duba launi a hasken rana

Ka fita da shi bakin rumfa, ka tsaya a inuwa inda hasken rana yake isowa ba kai tsaye ba. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana ƙara wa kowane rawayan dutse kyau, shi ya sa ba a yanke hukunci a ƙarƙashinsa. Ka kifa dutsen a kan farar takarda, fuskarsa ƙasa, tsininsa sama, ka duba yadda launin ya kwanta. A dutsen ƙasa launi ba ya cika zama daidai ko'ina. Za ka ga wani sashe ya ɗan fi wani duhu, kuma iyakar da ke tsakaninsu miƙaƙƙiya ce ko mai kusurwa, tana bin yadda dutsen ya girma. Idan ka ga launin yana murɗewa yana lanƙwasa a ciki, ka fara zargin gilashi, domin narkakken gilashi ne yake daskarewa da irin wannan shaida.

Daga nan ka jiƙa auduga da ruwan goge fentin farce ka murza bayan dutsen. Idan audugar ta ɗauko rawaya, to farin dutse ne aka rina ko aka shafa wa launi a baya. Akwai kuma wanda ake gasa shi a tsoma a ruwan rini domin ya tsattsage ya sha launi. Shi kuma za ka ga launin ya taru a cikin tsagogin, tsakaninsu kuwa fari fat.

3. Shiga cikinsa da lup

Ka kawo lup kusa da idonka sosai, sa'an nan ka matso da dutsen a hankali har ya fito sarai, tocila kuma tana haska shi daga gefe, ba daga sama ba. Kuskuren masu koyo shi ne riƙe lup can nesa da ido, sai su ga rabin abin da ya kamata su gani.

Kumfa ita ce babbar shaidar gilashi: ƴan ƙwallayen iska zagayayyu sumul, ko masu ɗan tsawo, suna zaune su kaɗai a cikin jikin da babu wani aibi. Kada ka ruɗe da abin da ake samu a cikin kwartis na gaskiya, domin shi ma yakan ɗauki ɗigon ruwa da ƴar iska a ciki, amma nasa yana zaune ne a cikin ɗan rami mai kusurwoyi, ko kuma ɗigogin sun jeru da yawa a shimfiɗe ɗaya kamar hoton yatsa. Bayan ciki sai ka duba waje. Inda fuskoki biyu na yankan suka haɗu, a kwartis layin yakan fito da kaifi, fuskokin kuma a miƙe suke. Gilashin da aka zuba a mazubi gefunansa a dakushe suke, fuskokinsa sukan ɗan lotsa, wani lokaci ma ana ganin layin da mazubin ya bari a ƙugunsa, wato gefen da ya kewaye shi inda sama da ƙasa suka haɗu. Zoben da ake cewa sabo ne amma fuskar dutsensa ta riga ta cika da ƙarzuwa, shi ma abin zargi ne. Sai dai rashin ganin kumfa ba ya wanke dutse, akwai gilashi mai tsabta ƙwarai, don haka ba a tsayawa nan.

4. Sanyi a leɓe

Ka ajiye dutsen da ɓallin kwalbarka wuri ɗaya a inuwa na ɗan lokaci, sa'an nan ka ɗauki kowanne da hantsaki ka taɓa leɓenka na sama da shi. Kwartis ya fi gilashi saurin janye zafin jiki, saboda haka ya fi sanyi kuma sanyin ya fi daɗewa. A watannin bazara, lokacin da komai a kasuwa yake da zafi, wannan gwaji ba abin dogaro ba ne. Alama ce kawai.

5. Awo a cikin ruwa

Wannan shi ne gwajin da na fi amincewa da shi, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake gwada zinariya a ruwa zai gane shi nan take. Ka ajiye sikeli a wuri mai lebur inda babu iska, ka kashe fanka. Ka auna dutsen a bushe, ka rubuta. Sa'an nan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka danna maɓallin da yake mayar da lamba sifiri. Ka ɗaure dutsen da zare, ka sauke shi a hankali har ruwa ya rufe shi gaba ɗaya, ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba, kai kana riƙe da zaren daga sama. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. Ka raba lambar farko da ta biyu. Misali, dutsen da ya auna giram 2.12 a bushe, ya nuna 0.80 a cikin ruwa, idan ka raba za ka sami 2.65, kuma wannan shi ne kwartis.

Abin da ya fito maka zai gaya maka da yawa. Idan ya kusa 3.5, yana iya zama tofaz, wani dutsen ado wanda ya fi sitirin tauri da daraja, kuma an daɗe ana sayar da ɗaya da sunan ɗaya. Idan ya kusa 4, yana iya zama rawayan safir, wani dutsen ado mai tsada, amma kada ka yi murna da wuri, domin wanda ake yi a masana'anta ya cika kasuwa kuma nauyinsu ɗaya. Idan ya haura 5.5, zirkoniya ce, wani dutsen kwaikwayo na masana'anta. Idan bai kai 1.5 ba, galibi roba ce. Matsalar tana wurin gilashi: na kwalba da na taga suna wajen 2.5, kusa da kwartis ƙwarai, wanda aka sa wa darma kuwa yakan haura 3, kuma a tsakani akwai wanda zai iya faɗowa daidai kan 2.65.

Wurare uku ake yin kuskure. Kumfar iska takan maƙale a jikin dutsen ko a ƙullin zaren ta ƙara lambar, saboda haka ka jiƙa dutsen tukuna, ko ka ɗiga ɗan ruwan sabulu a kofin. Hannu yakan yi rawa, gara ka rataya zaren a jikin ɗan sanda da ka gitta a kan littattafai biyu, kada sandan ya taɓa kofin. Na uku shi ne ƙanƙantar dutse. Ɗauki dutse mai giram 0.40: ya kamata ya nuna 0.15 a ruwa, amma idan sikelin ya kauce da ɗigo ɗaya ya nuna 0.16 za ka sami 2.5, idan ya nuna 0.14 za ka sami kusan 2.9. Don haka dutsen da bai kai giram ɗaya ba, wato karat 5, tunda karat ɗaya giram 0.2 ne, kada ka ɗora hukuncinka a kan awon ruwa. Ko babba ne, ka maimaita sau uku. Dutsen da aka riga aka ɗaura a zobe kuwa ba a yi masa wannan gwajin sam.

6. Gwajin ƙiftawar haske

Nan ne gilashin da ya tsallake awon ruwa yake faɗuwa. Ka buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, ka ƙure haskenta, ka sa tabarau ɗinka mai tace haske a gaban ido, ka juya shi har fuskar ta yi baƙi ƙirin, ka tsaya a nan. Yanzu ka shigar da dutsen tsakanin fuskar kwamfutar da tabarau, ka riƙa juya shi a hankali. Kwartis zai yi haske ya yi duhu, ya yi haske ya yi duhu, sau huɗu a zagaye ɗaya. Gilashi da zirkoniya za su zauna da duhunsu, ko ka ga wasu baƙaƙen layuka suna ratsa su suna motsi ba tare da dukan dutsen ya haskaka lokaci guda ba.

Akwai fuska ɗaya a jikin kwartis da idan ka duba ta nan ba zai ƙifta ba, sai ka ga launuka iri-iri ko haske mara sauyawa, saboda haka ka gwada ta ɓangarori biyu ko uku. Fuskokin wasu wayoyi na zamani ba sa yin baƙi a bayan tabarau. Idan haka ta faru, ka yi amfani da idanun tabarau guda biyu, ɗaya a kan tocila, ɗaya a idonka, ka gitta su har haske ya ɗauke. Ka tuna cewa tofaz da safir su ma suna ƙiftawa. Shi ya sa ake haɗa gwajin biyu: dutsen da ya ƙifta kuma ya ba da 2.65, ka riƙe shi a matsayin kwartis. Wannan gwaji yana yiwuwa a kan zobe muddin bayan gidan dutsen, wato mazauninsa a kan zoben, a buɗe yake.

7. Tauri, idan ya zama dole

Ba a gwada tauri a kan dutsen da aka yanka aka goge, ballantana wanda ba ka biya ba. Na ɗanyen dutse ne. Ka ja wani gefensa a kan ɓallin gilashin taga da ɗan ƙarfi, ka share wurin da jiƙaƙƙen yatsa; kwartis yakan bar rami wanda farce yake ji. Wuƙa kuma ba ta cin kwartis, abin da take bari layin ƙarfe ne mai gogewa. Kwalba ma tana iya barin ƴar alama a jikin ƴar'uwarta, don haka rami ake nema, ba inuwar layi ba.

8. Na ƙasa ne, ko wuta ce ta ba shi launi

To, ka tabbata kwartis ne. Saura tambayar da ta fi shafar aljihu. Sitirin da ya fito daga ƙasa da launinsa ba shi da yawa. Ana samunsa a jihar Minas Gerais ta Burazil, da Madagaska, da Zambiya, da Kwango ta Kinshasa, da duwatsun Ural na Rasha, da Sifen. Mafi yawan wanda yake yawo a kasuwannin duniya ametis ne da aka haƙo a jihar Rio Grande do Sul ta kudancin Burazil da yankin Artigas na Urugwai, aka sa a tanda. Ƙarfen da ke cikinsa kaɗan shi ne tushen launin, kuma idan zafi ya kai wajen digiri 470 shunayyar takan koma rawaya, idan aka matsa zuwa wajen 550 sai ta yi ruwan goro mai ja. Ana kuma gasa kwartis mai ruwan hayaƙi a zafin da bai kai haka ba. Sitirin da ake kira Madeira, mai ja-ja, galibinsa gasasshe ne, mai rawaya da ɗan tsanwa irin na lemun tsami kuma yawanci an bi da shi ta na'urar haskawa, wadda take ratsa dutse da haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, kafin a gasa.

A ɗanyen dutse bambancin a fili yake. Gasasshen ametis yana zuwa a dunƙule, ƴan tsinaye gajeru cunkushe a kan gindi ɗaya, gindin fari ne da haske ba ya ratsawa, launin kuma ya taru a kan tsinayen ya yi duhu kamar ƙanzo. Sau da yawa yana da gautsi, kana taɓawa ƴan ɓarɓashi suna zuba. Na ƙasa yakan zo da doguwar jiki mai fuska shida, da ƴan layuka a gicciye a kan fuskokin, launinsa mai sanyi ne, rawaya mai haske ko mai ɗan hayaƙi, kuma ya bi jikin daga gindi har tsini.

A yankakken dutse kuwa ido ba ya yanke hukunci. Launi mai zafi da ja a ciki yana nuna wuta, launi mai sanyi yana nuna ƙasa, amma wannan rinjaye ne kawai. Haka nan kwartis ɗin da ake tsirarwa a masana'anta cikin tukunyar ƙarfe mai tsananin zafi da matsi, irin wanda ake sa wa agogo da kayan lantarki, taurinsa da nauyinsa da ƙiftawarsa duk ɗaya ne da na ƙasa, sai ɗakin bincike ne yake raba su. Abin da zai sa ka yi hattara shi ne ka ga tire cike da manyan duwatsu masu launi ɗaya sak, babu aibi ko ɗaya, kuma da araha.

A ganina gasasshen ametis ba jabu ba ne. Dutse ne na gaskiya, launinsa yana zama, kuma a kan azurfa yana da kyau ƙwarai. Laifin yana wurin wanda ya san gasasshe ne ya rantse cewa haka aka haƙo shi domin ya ninka kuɗi. Kada kuma ka yi sha'awar gasa ametis da kanka a kan gawayi: ba ka da iko da zafin, kwartis yana sauya tsarin jikinsa a digiri 573 ya tsage, wanda bai tsage ba kuma yakan koma fari mai gajimare.

9. Ciniki

Ka ɗauki kowane yankakken sitirin a matsayin gasasshe, ka yi tayi a kan haka, sai fa idan an kawo takardar ɗakin bincike da za ka iya bin diddiginta. Kwartis yana fitowa da manyan jiki, saboda haka girma ba ya sa kuɗin karat ɗinsa ya yi tsalle yadda na yaƙutu yake yi. Abin da ake biya shi ne kyan launi, da tsabtar ciki, da kyan yanka. Domin gwada yankan, ka ɗora dutsen a bisa rubutu ka duba ta fuskarsa: idan kana karanta haruffa ta tsakiyarsa, an yanka shi da faɗi babu zurfi, kuma a kan zobe tsakiyar za ta zama fayau babu walƙiya. Ka tambayi mai kaya a gaban shaida, "Malam, idan maƙerina ya ce ba shi ba ne, zan iya dawo da shi?" Wanda ya aiko maka hoto ta WhatsApp ya ce ka tura kuɗi tukuna, cinikin biri a sama yake so ku yi. Zoben da aka rufe bayan dutsensa ruf shi ma haka, domin ana iya ɓoye fenti ko takarda mai ƙyalli a ƙarƙashi. Kuɗin azurfarsa kawai ya cancanta.

Za ka ji wasu suna kiransa dutsen ƴan kasuwa, wai yana jawo ciniki idan an ajiye shi a akwatin kuɗi, ko yana maganin ciwon ciki da baƙin rai. Wannan magana ba ta da tushe a ilimi, kuma bai dace Musulmi ya rataya arzikinsa a jikin dutse ba. Kada ka ƙara ko dala ɗaya saboda ita, kada kuma ka faɗa wa wanda za ka sayar wa.

10. A wurin maƙeri

Kafin ka miƙa dutsen, ka auna nauyinsa da tsawonsa da faɗinsa a gaban maƙerin, ka ɗauki hotonsa ta sama da ta ƙasa. Ba zargi ba ne, kariya ce gare ku duka. Ka nemi azurfa mai lamba 925, ku kuma yi magana a fili a kan haka, domin akwai farin ƙarfe mai kama da azurfa wanda babu azurfa a cikinsa. Ka bari a auna yatsanka da yamma, lokacin da ya ɗan kumbura.

Zoben da za a sa kullum, gidan da ya kewaye dutsen da bango shi ya fi, saboda yana kare ƙugunsa daga bugu. Riƙon farata huɗu ko shida ya fi barin haske ya shiga, amma ya fi dacewa da ƴan kunne da abin wuya. Ko wanne ka zaɓa, a bar bayan a buɗe. Tsarin aikin kuwa shi ne a ƙera gidan daidai da ƙugun dutsen, a yi masa ƴar matakala a ciki inda zai zauna ba ya rawa, a gama duk wani liƙi na wuta, a wanke, a goge, sa'an nan dutsen ya shiga a ƙarshe. Bangon ya ɗara ƙugun kaɗan kawai; idan ya yi tsawo zai cinye fuskar dutsen, idan ya gaza dutsen zai fita. Ana kwantar da bangon da ƙarfe mai santsin baki, a danna nan, a tsallaka a danna kishiyarsa, sa'an nan sauran ɓangarori biyun, kafin a bi tsakaninsu. Wanda ya fara daga wuri ɗaya ya bi da'ira zai ture dutsen gefe guda ya bar tattara a ƙarshe. Magagari kuma kada ya kusanci fuskar dutsen.

Idan an miƙo maka zoben, ka kai shi kusa da kunne ka ƙwanƙwasa da farce. In ka ji ƙas-ƙas, dutsen bai zauna ba. Ka sake duba ƙugun da lup ko ya ɓantare. Ranar da zoben ya bukaci ƙari ko ragi, ka ce a cire dutsen kafin wuta ta taɓa shi, saboda zafin liƙi yana sauya launi, tsoma shi a ruwa da zafinsa kuma yana tsaga shi nan take.

11. Kulawa

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin kwartis, taurinsu ɗaya da dutsenka, don haka goge shi a bushe da gefen riga yana dusashe fuskarsa sannu a hankali. Ka ɗauraye tukuna, sa'an nan ka goge. Wanki shi ne ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu da buroshi mai taushi, musamman ta baya inda man shafawa da lalle da sabulu suke taruwa su kashe walƙiya. Kada a dirje shi da rairayi ko toka, kada kuma ruwan jabel ya taɓa shi, domin yana baƙanta azurfar. Mata su cire zoben kafin su zauna a kan kaskon turaren wuta ko su tsaya a bakin murhu, maza kuma kada su bar shi a gaban mota cikin rana, saboda doguwar rana da zafi suna iya rage launin wasu duwatsun. Wurin ajiya, a naɗe shi shi kaɗai a ƙyalle: yana ƙarzar zinariya da azurfa da duwatsun wuya na gilashi, shi kuma tofaz da safir da lu'ulu'u suna ƙarzarsa. Idan fuskar ta riga ta dusashe, man goge azurfa ba zai dawo da ita ba, sai an cire dutsen an kai wa mai yankan duwatsu ya sake goge ta a kan faifai.